Daɓen Siminti a Ɗakunanmu

Mu 'yan zangon Kumasi a bakin kakanni muka ji labarin daɓen gargajiya, mata su taru da madaɓi, a yayyafa makuba, ana bugu ana waƙa. Siminti ya karɓe wannan aiki, ba mu kuma ƙi ba, don shara ta yi sauƙi.

Amma jama'a, gaggawarmu ta yi yawa. Magini ya gama yau, gobe mun shigar da gado! Sabon daɓe sai an riƙa jiƙa shi kwana 7, in ba haka ba ya tsattsage. Ga damina biyu a garin nan. Wanda bai shimfiɗa leda kafin zuba kankare ba, danshi zai ci masa tabarma. Tsofaffinmu kuwa sanyinsa suke kuka da asuba, sai a sa musu buzu.