Yadda Kiru da Maƙwabtanta Suka Zama Ƙananan Hukumomi

Garuruwan kudancin Kano, irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada, sun girmi iyakokin da ke kewaye da su a yau, domin kafin zuwan Turawa ba a raba ƙasar Kano yanki-yanki a jere ba. Kusan kowane gari yana ƙarƙashin wani mai sarauta da ke zaune a birni, jakadansa ne ke fitowa karɓar haraji. Bayan rundunar Turawa ta fasa ganuwar Bebeji a farkon Fabrairun 1903 a hanyarta ta cin Kano, sai aka shigo da tsarin gunduma, wato haɗa garuruwa maƙwabta a hannun hakimi guda da aka umarta ya bar birni ya zauna cikin talakawansa. A kan wannan harsashi gyaran 1976 ya gina ƙananan hukumomi, daga baya aka yi ta tsaga su, har Doguwa ta fita daga Tudun Wada, Jihar Kano kuma ta kai ƙananan hukumomi 44.

Sai dai takardar gwamnati ba ta isa ta bayyana asalin yankin ba, kuma abin damuwa ne yadda ake tsayawa a kanta. Kuzar Riruwai, wadda ta jawo baƙi ma'aikata, da dajin Falgore, da madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ta tashi ƙauyuka ta kuma buɗe noman rani, su suka fi tsara inda mutane suka zauna. Haka ma Kwanar Dangora, inda motocin Zariya ke tsayawa.