Farantin Dodo: Yadda Muka Karɓi Baƙon Oktoba a Suame

 Magabata sun ce zamani riga ne, kuma rigar da ta shigo mana Zongo a 'yan shekarun nan ita ce wani biki na Turawa da ake kira Halowin, wanda ake yi a daren 31 ga watan Oktoba. Da can sai a fim muke ganinsa. Yanzu kuwa wasu makarantun kuɗi da otal-otal sun ɗauke shi, 'yan'uwanmu da ke Bronx ta Amurka da Landan kuma suna ta aiko wa yaranmu hotunansa ta WhatsApp. Cikin kayan wannan biki akwai wani faranti na nama da ya ɗaure wa iyaye da yawa kai, kuma a kansa ne muke so mu yi magana a wannan wata.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san asalin baƙon. Halowin jajibere ne na ranar 1 ga Nuwamba, wadda Kiristoci suka keɓe don tunawa da waliyyansu, amma saiwarsa ta kai ga wani tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan da Sikotlan, waɗanda suka ɗauka cewa a wannan dare matattu kan kusanto masu rai. Da yunwa ta kori mutanen Ailan zuwa Amurka daga shekarar 1845, sai suka tafi da al'adarsu, a can ne kuma kabewa ta zama alamar bikin, ana ƙwaƙule ta a yi mata idanu da haƙora a kunna kyandir a ciki.

Shi kuwa farantin, daga Faransa sunansa ya fito. Shakutari suke ce masa, wato dafaffen nama, kuma tun ƙarni na 15 sana'a ce ta mahautan da ke sarrafa naman alade, su sa masa gishiri, su shanya shi ko su turara shi da hayaƙi don ya daɗe bai lalace ba. A yau akan jera irin wannan nama a kan katako tare da cuku da zaitun da 'ya'yan itace da biskit. In na Halowin ne, sai a yanka cukun kamar fatalwa, a mai da zaitun gizo-gizo ko ƙwayar ido, a ɗora ƙoƙon kan mutum na roba a tsakiya a lulluɓe shi da jan nama. To, a nan gizo ke saƙa, domin mafi yawan naman da ke kan irin wannan katako na alade ne, yaro kuwa ba zai gane ba, tunda an yanka shi siriri yana ƙyalli kamar kilishi.

Gidanmu gidan haya ne irin na Suame, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, muna kwana muna tashi da ƙarar gudumar makanikan Magazine. Da yaran gidan suka zo da takarda daga makaranta cewa za a yi walima ƙarshen Oktoba, kowane gida ya aiko da farantin abinci mai siffar ban tsoro, sai kanmu ya rabu biyu. Wasu daga cikinmu suka ce kada yaro ko ɗaya ya je, domin malamai da yawa sun yi hani ga shiga wannan biki, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Wasu suka ce walimar a lokacin karatu za a yi ta, yaranmu kuma su ne 'yan tsiraru a aji, in suka je hannu rabbana to daga farantin wasu za su ci. Mu ba malamai ba ne, ba kuma fatawa muke bayarwa ba. Wanda ya riƙe ɗansa a gida ya yi abin da ya ga ya dace. Mu da namu suka je, abin da ya rage mana shi ne mu san me zai shiga cikinsu, da kuma me zai shiga kansu.

Tsohuwar gidan ce ta raba gardama. Da babban jikanta ya nuna mata hoton a waya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce masa, "Maigidana, wannan abin ne ya hana ka barci? Ai busasshen nama ne a faifai. Kakanninka da shi suka taka daga Kano har Gwanja." Yaron ya ce, "Kaka, ai sai ya ba da tsoro." Ta ce, "In tsoro kake so, muna da Dodo tun kafin a haifi mai wannan hoton."

Gaskiya ta faɗa. Fataken da suka kafa zangunan ƙasar nan watanni suke yi a hanya daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga, suna kawo kanwa da fata da tufafi da dabbobi, su koma da goron Asante. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, sai ciniki ya gangaro kudu, Zongon Kumasi ya cika ya batse. Mutumin da zai yi irin wannan tafiya ba firji ba mota, dole ya san yadda ake adana nama. Shi ya sa har gobe duk ƙasar Gana a hannunmu take cin chichinga, kamar yadda take shan koko da ƙosai, take cin waakye da tuwon zafi. Ashe abin da Bafaranshe ke taƙama da shi, mu guzuri muke kiransa.

Sai muka fito da babban tiren da ake fitar da abincin suna, muka shimfiɗa masa ganyen ayaba. Kilishi shi ne ginshiƙi. Mai kilishi yakan zaɓi tsoka marar kitse, ya feɗe ta siririya kamar takarda, ya shanya a rana, ya tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa da gishiri, ya sake shanyawa, sannan ya nuna wa garwashi kaɗan. Amma fa a lura, Oktoba a ƙasar Hausa kaka ce, rana ta buɗe, a Kumasi kuwa ƙaramar damina ba ta gama ɗaukewa ba, hunturu sai Disamba. Kilishin da aka ajiye cikin leda a wannan laima yakan yi fumfuna, don haka muka saya ana jibi walima, muka naɗe a takarda, da safe muka ɗan gasa shi. Da almakashi muka yanka shi kamar fikafikan jemage, muka jera a gefen tire.

Dambun nama a gida muka yi shi. An dafa naman sa da albasa da kayan yaji har ya yi laushi, aka daka a turmi, aka soya har ya bushe ya zama zare-zare. Da shi muka yi gashin Dodo da gemunsa, ya kuwa yi buzu-buzu kamar yadda tatsuniya ta siffanta shi. Idanunsa dafaffen ƙwai ne da aka raba biyu, da ɗigon yaji a tsakiya. Haƙoransa yankakkiyar kwakwa, harshensa jan tattasai, hancinsa dunƙulen ƙuli-ƙuli.

A madadin cukun Turawa muka sayo wagashi wurin matan Fulani, wanda suke daskarar da madararsa da ganyen tumfafiya. Rabi muka soya ya yi ja, rabi muka tafasa da gishiri muka bar shi fari fat, yara suka yanka shi da wuƙar tebur suka sa masa idanu da kanumfari. Gizo kuma dabino ne jikinsa, ƙafafunsa siraran yankan kilishi, Ƙoƙi na gefensa, yanarsu zoben albasa. Sauran gurabe muka cike da tsire, soyayyar gyaɗa, aya, dakuwa, da kelewele don maƙwabtanmu Asantawa su ga nasu a ciki. Yaji muka zuba a ɗan ƙoƙo daban, saboda ba kowane yaro ne ke jure shi ba.

Abu biyu muka ƙi. Na farko ƙoƙon kan mutum, ko da na roba ne. Maƙabartar Tafo ga ta nan kusa da mu, da ƙafa muke raka 'yan'uwanmu can, mu muke yi musu wanka da sutura da salla. Wanda ya taɓa sa kafaɗa a makara ba zai mai da kan mamaci adon abinci ba. Na biyu, yaran sun so a kira zoɓo jini, tunda haka suka gani ana yi da jan lemo. Tsohuwa ta ce a'a, abin da Allah ya haramta ci ba a laƙaba sunansa ga halal, ko da wasa. Zoɓo ya tafi da sunansa, ko sobolo kamar yadda abokansu ke faɗa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Dodo na daji ne, ana iya wasa da shi. Mutuwa kuwa ta gida ce, tana da haƙƙinta.

Aikin bai ƙare ba sai da dare ya yi, kuma a wannan zama ne muka gane girman giɓin da ke tsakaninmu da 'ya'yanmu. Cikinsu akwai wanda ya san sunan kowace fatalwa ta fim ɗin Amurka da Turanci, amma bai taɓa jin yadda Gizo ya yaudari Kura ba. Ba su san tashe ba, wasan da yara ke yi a ƙasar Hausa daga goma ga watan azumi, su yi shigar dariya ko ta ban tsoro, su bi gida-gida ana ba su hatsi ko kuɗi. Ba su san cewa a Wagadugu akwai wasan yara na watan azumi mai suna Dodo, da fuskokin dabbobi na ƙwarya, wanda fataken Hausa suka kai can a ƙarni na 19 ba. Ba su san dalilin da ya sa tsofaffi ke ɓoye busasshiyar jelar ragon layya har zuwa daren Cika-ciki a watan Muharram ba, lokacin da maƙwabtanmu Dagwamba ke fita da wutar Bugum. Duk abin da suke nema a wurin baƙo, wato ɗan tsoro a cikin aminci, da shigar wasa, da cika ciki tare da abokai, yana nan a ɗakin kakarsu, mu ne muka daina buɗewa.

Tiren ya tafi makaranta a kan ɗaya daga cikin iyayen gidan, ya dawo wayam, ko yaji bai rage ba. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne yaran sun ce sai da aka sa su suka faɗi sunan kowane abu da Hausa, suka kuma ba da labarin Dodo a gaban aji. Yaron da ke jin nauyin yin Hausa a wajen Zongo, ranar shi ne malami.

Shawararmu ga iyaye ita ce, ko ɗanku zai je irin wannan walima ko ba zai je ba, ku koya masa karanta abin da aka rubuta a jikin leda da gwangwani. Duk inda ya ga "pork" ko "ham" ko "bacon" ko "lard", alade ne. "Salami" da "pepperoni" ma galibi da shi ake yin su, sai in an rubuta halal. Alewa mai danƙo kuwa sau da yawa akwai "gelatin" a cikinta, wanda akan samo daga fatar alade. Ku gaya masa cewa tambaya kafin ci ba ƙauyanci ba ne. Sannan kada mu jira sai takardar makaranta ta zo kafin mu tara yara a tsakar gida. Ga daren Cika-ciki, ga dararen azumi, ga hutun makaranta, a kashe talabijin, a fito da faifan kilishi da gyaɗa, a ba tsofaffi fili tun suna raye.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma sai in ya ji iyayensa suna yi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ciyar da mu halal, ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a Tafo da sauran maƙabartu, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.