Kifaye Shida a Akwatin Gilashi

Alkawari na yi wa ɗiyata cewa ranar da ta sauke izu goma zan saya mata abin da take so. Na ɗauka keke za ta ce. Sai ta ce kifi, irin jajayen nan da ta gani suna iyo a akwatin gilashi a ɗakin jira na wani likita a nan Yamai. Ranar Asabar ta farkon watan Afrilu na dawo gida da akwati mai cin lita 60, da buhun tsakuwa, da ɗan injin da ke jan ruwa ta cikin soso yana hura iska, da kifaye shida a leda. Mai shagon bai gaya mini komai ba sai farashi, ni ma ban tambaye shi komai ba. Na cika akwatin da ruwan famfo, na juye su ciki, muka zauna muna kallo har aka kira magariba. Kafin ta kwanta ta raɗa wa kowane suna.

A rana ta huɗu ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki, suka daina rububin abinci. Sai na yi abin da tarbiyyar gidanmu ta koya mini game da duk abin da ya yi dauɗa: na kwashe su a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwar, na murje soson a bakin famfo har ya koma sabo, na sake cikawa. Na kwanta ina jin na yi aikin kirki. Da asuba biyu suna kwance a ƙasa. Kafin mako ya zagayo biyu suka bi su. Ɗiyata ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai tambaye ni, "Baba, ni ce na ba su abinci da yawa?" Na ce a'a, alhali ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Ƙanena, wanda ya karanta aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni kuma yake kiwon tarwada a bayan gari, ya zo ya leƙa akwatin, ya sunsuni ruwan. Ya ce, "Yaya, ruwa ba ya tsami banza, amma wannan karon tsabtarka ce ta yi yawa." Ya fito da ƴan kwalabe, ya ɗebi ruwa a ɗan bututun gilashi, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya ya rikiɗe ya zama kore.

Abin da ya bayyana mini a ranar, na kuma bi shi da karatu daga baya, shi ne wannan. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, mafi yawansa ta jajayen sassan nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da su. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke zama. Shi ne dai zarnin da ke bugun hanci a makewayin da ba a wanke ba. A kogi ruwa yana tafiya da shi; a akwati kuwa ba shi da wurin zuwa, sai ya taru yana ƙona wa kifi abin numfashinsa. Abin da ke ceton kifin akwati wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, masu manne wa soso da tsakuwa. Kashi na farko suna mayar da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska. Kashi na biyu suna mayar da nitirit nitirat, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canjin ruwa. Tun a 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware irin waɗannan ƙwayoyi daga ƙasa ya nuna aikinsu. Sai dai suna da nawar hayayyafa. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata. Wato na zuba kifaye shida a gidan da babu mai share shi, sannan ƴan tsirarun masu sharar da suka fara zuwa na kashe su da kulorin ɗin ruwan famfo ranar da na murje soson.

Akwai ƙarin abin da ya shafe mu mutanen Sahel. Dafin amoniya yana ƙaruwa da zafin ruwa, ruwa mai ɗumi kuma iskar da yake riƙewa kaɗan ce. Afrilu a Yamai, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, shi ne mafi munin watan da mutum zai fara wannan sha'ani. Ga shi jan kifin nan, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwo fiye da shekara dubu da ta wuce, mai ci ne da yawan kashi, kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Ba tarwada ba ne, da ke iya shaƙar iska a sama ta rayu a taɓo.

Da na sani tun farko, da na bar akwatin babu kifi, injin yana aiki, ina jefa ɗan abinci kowace rana yana ruɓewa, har gwaji ya nuna amoniya da nitirit sun tashi sun sauka zuwa sifiri. Amma ga rayuka biyu a hannuna, don haka muka bi hanya mai wuya. Kullum da yamma in tara ruwan famfo a babban baho, in bar shi a buɗe ya kwana ya yini don kulorin ya fita, in kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan akwatin in maye shi da wannan. Abinci sau ɗaya bayan kwana biyu, gwargwadon abin da za su cinye a minti biyu. Wannan doka ta fi yi wa ɗiyata nauyi, don a ganinta horon yunwa ne. Ni ma, wanda ya tashi a gidan da ake auna ƙauna da cikar akushi, ban same ta da sauƙi ba. Ƙanena ya kawo mini wani tsohon soso baƙi ƙirin daga akwatin abokinsa da ya shekara yana aiki, a cikin leda da ruwansa. Da a hanya na gan shi da ƙafa zan ture shi. Ya ce in cusa shi kusa da nawa, kuma daga yau duk wankin soso a tsohon ruwan akwatin za a yi shi, matsa biyu ko uku kawai.

Wutar lantarki ce ta fi ba mu tsoro. Ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa, in injin ya daɗe a tsaye sai su fara mutuwa. Dare biyu muka yi ni da ita muna karɓa-karɓa da kofi, muna ɗibar ruwan muna tsiyayo shi daga sama a kan soson, fitilar waya a jingine da bango. A dare na biyu ne na gaya mata gaskiya, cewa abincin ya taimaka, amma babban laifin nawa ne. Ta yi shiru, sannan ta ce in miƙo mata kofin.

Ita ce ta riƙe littafin gwaji. A rana ta 11 kore ya koma rawaya. Daga nan kwalbar nitirit ta fara ba da shunayya mai duhu, ta ƙi sauka har na fara zargin maganin ya lalace. Sai a rana ta 30 ta tsaya shuɗiya. Yanzu canjin ruwa sau ɗaya ne a mako, ruwan da muka kwashe kuma gindin zogalen tsakar gida yake tafiya, don nitirat taki ne.

Ta nemi mu sake sayen huɗu don su koma shida. Na ce lita 60 ko biyun nan da ƙyar za ta ishe su in sun girma, ba ta kuma ja zancen ba. Makon jiya maƙwabcinmu ya aiko yaronsa, wai ya sayi akwati, yana tambaya inda ake samun kifi mai araha. Kafin in buɗe baki ta ɗauko almakashi, ta yanki rabin tsohon soson, ta sa a leda da ruwansa, ta ce wa yaron ya gaya wa babansa kada ya sayi kifi tukuna.