Daga Tawa zuwa Tabalak a bayan tsohuwar kat-san-kat

Duk wanda ya kwana a Tawa daren Lahadi ya san kasuwa ba ta watsewa sai motocin ƙauye sun ɗauki kaya. A cikinsu har yanzu akan tarar da tsohuwar Peugeot 404 mai tanti, wadda jama'a ke kira kat-san-kat bashe. A 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa, ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, kuma daga 1975 aka riƙa harhaɗa 504 a Kaduna.

Irin wannan mota na shiga, mun nufi Tabalak kan hanyar Agadas. Ba mu yi nisa ba sai injin ya fara tari, ya mutu. Direba bai ko yi tsaki ba. Ya kira wani dattijon makanike da ke cikinmu: «Baba, a taimaka.»

Dattijon ya shimfiɗa rawaninsa, ya kwance karburata samfurin Solex, ya jera sassanta a kai. Aikin wannan na'ura shi ne gauraya iska da esansi, kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na mai. Ƙurar hunturu da dattin man kwalba su ne ke toshe ɗan ramin da mai ke bi, wanda makanikai ke kira jikilar. Ya wanke shi da esansi, ya hura da baki. Da yaron mota ya miƙo waya, sai ya hana shi: waya tana faɗaɗa ramin, daga nan mota ta koma shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Ya canza allurar da ke tsayar da mai, ya yanko sabon shafi daga kwali, injin ya tashi.

Tun da aka rage darajar kuɗin CFA da rabi a watan Janairun 1994, kayan gyara na asali suka fi ƙarfin talaka. Masu motoci suka koma ga na gawar mota, ko na kwaikwayo da ake shigowa da su ta Birnin Ƙonni. Arha kuwa ba ta ado: allurar da ba ta rufewa da kyau tana malalar da mai bisa injin mai zafi, kuma gobara a daji ba ta da mai kashewa.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci, lissafin a fili yake. Ranar da irin wannan mota ta kwanta, gero da albasa ba su isa kasuwa ba, maras lafiya bai isa likita ba. Motocin zamani sai an sa musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Wannan kuwa kunne da hannu sun ishe ta. Sai dai masu wannan kunne suna tsufa, samari kuma sun fi son tafiya bida Abijan.

Mun isa bakin tabkin Tabalak da la'asar. Dattijon ya karkaɗe rawaninsa, ya naɗa, ya ƙi karɓar ko dala.