Sabuwar Masara Da Dokar Gwamnati

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Jos zuwa Mangu ko Bokkos a watan Agusta ya san darajar masara wajen mutanen ƙasarmu ta kan dutse. Dama da hagu ba abin da ido ke gani sai ita da dankalin Turawa. Ita ce tuwonmu da kokonmu, ita ce abincin kajin da a ke kiwo birjik a Jos da Bukuru, da kuɗinta kuma aka yi wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Ni kaina ɗan manomi ne, da masara aka kawo ni kwalejin nan. Saboda haka da na ji Gwamnati ta yarda a sayar da wata sabuwar masara wadda masana suka sauya wa ƙwayoyin halitta, sai na ga ya kamata mu da za mu zama malamai mu san yadda al'amarin ya ke, don lalle za a tambaye mu a ƙauyuka.

Bari in fara da abin da ya jawo ta. Tun kaka da kakanni manomi na fama da tsutsa mai huda kara. Sa'an nan a shekarar 2016 wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka ta ɓullo a Nijeriya, kafin a ankara ta gama ƙasashen Afirka. Ita wannan cikin kwarkwaron masara ta ke shiga ta ɓuya, ta ci ganye ta bar shi kamar rariya. Na ga shekarar da mahaifina ya yi feshi har sau uku, duk da haka rumbu bai cika ba.

To, akwai wata ƙwayar halitta mai zama cikin ƙasa, wadda ido ba ya gani, masana na kiranta Bt a taƙaice. Tana yin wani sinadari wanda in tsutsa ta ci sai hanjinta ya lalace ta mutu. Dabarar da aka yi ita ce, aka ɗauko abin da ke sa ta yin wannan sinadari aka sa shi cikin masara, watau masara ta riƙa yin maganinta da kanta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ita ta yi aikin a nan ƙasar tare da wata gidauniya mai suna AATF, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Rabi'u Adamu. Sunan masarar TELA. Ban da kashe tsutsa, an kuma sa mata abin da zai taimake ta jure ƙarancin ruwa.

Irin wannan abu ba a sakinsa haka kawai. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Kartahena ta shekarar 2000, wadda ta tsara yadda za a yi hankali da halittun da aka sauya. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NBMA a Abuja. Ita ce mai ba da izni ko ta hana. Ƙa'ida ita ce a fara gwaji cikin killataccen fili, a duba ko abin zai cuci mutum ko dabba ko ƙasa, a sanar da jama'a don mai ƙorafi ya kawo, kana a yanke shawara. Ta wannan ƙofa auduga mai Bt ta fito a 2018, waken SAMPEA 20-T ya biyo baya a 2019. Masarar TELA ta sami iznin hukumar a watan Oktoba na 2021, sa'an nan a watan Janairu na 2024 kwamitin rajistar iri na ƙasa ya zauna a Ibadan ya saki iri huɗu, daga SAMMAZ 72T zuwa SAMMAZ 75T.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Wata ƙungiya mai suna HOMEF, wadda Nnimmo Bassey ke shugabanta, ta daɗe tana cewa binciken bai isa ba, kuma manomi zai zama bawan kamfanonin iri. A watan Mayu na 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da irin waɗannan iri har a yi bincike. Su kuwa masana na Samaru da hukumar suka ce an bi ƙa'ida, kuma Afirka ta Kudu ta fi shekara 20 tana cin masara mai Bt. Ƙasar Kenya ma ta sha wannan gardama: ta hana a 2012, ta ɗage hanin a 2022, magana ta kai kotu.

Ni dai ban ga dalilin ƙin abu don baƙuntarsa kawai ba. Masara kanta baƙuwa ce, asalinta daga Meksiko. Dankalin da mu ke taƙama da shi kuwa sunansa ya riga ya faɗi wanda ya kawo shi. Abin da ke damuna dabam ne. Dokar ta yi ƙarfi a bakin ƙofar ofis, amma ba ta iso gona da kasuwa ba. Ga misalai huɗu.

Na farko, doka ta ce a yi wa irin wannan kaya lamba don mai saye ya san abin da ya saya. Madalla. Amma a ina za a manna wa mudu lamba? A kasuwar Mangu buhu goma daga gona goma a ke zubewa wuri ɗaya. Mai gasa masara a Taminus, da mai koko a bakin ƙofar kwalejinmu, wa zai gaya musu? Wanda ya tsara wannan sashe kantin zamani ya ke gani a ransa, mu kuwa da mudu mu ke awo.

Na biyu, masarun da aka sauya ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kashe tsutsa, akwai kuma mai jure maganin ciyawa na gilifoset, wadda a ke fesa wa magani ciyawa ta mutu ita ta tsaya. A 2016 hukumar ta ba kamfanin Monsanto iznin gwada irin ta biyun cikin killataccen fili. Amma TELA ba ta cikinsu. Da kunnena na ji wani mai sayar da magani a wata kasuwar ƙauye yana gaya wa manoma cewa sabuwar masara ba ta jin magani ko wane iri. Wanda ya gaskata shi ya fesa gilifoset a kan TELA, to, ya ƙone gonarsa da hannunsa.

Na uku, tsutsa ba wawa ba ce. In kowa ya shuka masara mai Bt kaɗai, 'yan tsirarun tsutsotsin da sinadarin bai kashe ba su za su hayayyafa, bayan 'yan shekaru maganin ya daina ci. Don haka a ke cewa kowane manomi ya bar wani yanki ya shuka masara ta gargajiya, domin tsutsa mai rauni ta rayu ta yi barbara da mai taurin kai. A Afirka ta Kudu ƙa'ida ce a bar kashi 5 cikin 100 ba feshi, ko kashi 20 da feshi. Manoma da yawa suka yi sakaci, a 2007 aka ba da labarin tsutsar kara ta fara cin masarar lafiya lau. In haka ta faru inda gonaki ke da girma, masu su kuma sun yi karatu, ina ga namu inda malamin gona ɗaya ke da ƙauyuka barkatai?

Na huɗu, maganar iri. A gidanmu, in an yi girbi, mahaifiyata ce ke zaɓen manyan goyo ta rataye su bisa murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har damina. TELA kuwa irin aure ce, wadda a ke kira haibirid. In ka shuka 'ya'yanta za su tsiro, amma amfanin zai ragu, sai ka koma ka sayi sabo kowace shekara. Wannan ba laifi ba ne in mutum ya sani ya kuma yi lissafinsa. Ban da haka, iska na ɗaukar ƙurar bununi daga wannan gona zuwa waccan, gonakinmu kuwa kunya ɗaya ce ta raba su. Wanda ya ce shi irin kakansa ya ke so, wa zai tsare masa shi?

Kun gani ke nan, 'yan'uwa, duk waɗannan abubuwa huɗu sani su ke bukata, sanin kuwa bai iso ba. Abin da na ke roƙon Gwamnati ba mai wuya ba ne. A rubuta bayani a jikin kowane buhun iri da Hausa, a kuma yi shela a rediyo da Mwaghavul da Berom da Ngas da Ron. A ƙara malaman gona, a ba su abin hawa. A sa ido kan masu sayar da iri da magani, wanda ya yi wa manomi ƙarya a karɓe masa lasin. A kuma adana irinmu na gargajiya da kyau, don ranar da za a neme shi. Yau masara ce, gobe dankali ne, gama an riga an yi gwajin dankali mai jure cutar ƙunar ganye a Kuru, nan kusa da mu.

Mu ma muna da namu aikin. Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun ƙauyuka, inda malami shi ne mai karanta wa mutane takarda. Ranar da wani dattijo zai miƙo maka ledar iri ya ce, "Malam, duba mini abin da aka rubuta," kada ka tsorata shi da jita-jita, kada kuma ka yi masa tallar abin da ba ka sani ba. Karanta masa, ka gaya masa amfaninsa da sharaɗinsa, ka bar shi ya zaɓa, don gonarsa ce. Ina kuma ba da shawara a gonar kwalejinmu a yi kunyoyi biyu, sabon iri da tsoho, mu auna da kanmu, gama gani ya kori ji.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfanin gona daga ƙwari da fari, amin.