Hatsin manoma da ƴan uwansa

A ƙasar Arewa akwai hure wanda ba shi jiran ciyawa. Ruwan farko na sauka, kwana kaɗan sai ka gan shi tsaye cikin rairai, fari fat. Mu a gidanmu hatsin manoma muke ce mashi. Ba a cin shi. Amma yana hitowa lokacin shibka, shi ya sa anka ba shi wanga suna.

Ga yadda nike gane shi. Ganyenshi siriri ne. Huren babba ne, da ƙamshi. Da marece yake buɗewa, washegari rana na yin zahi ya yi yaushi. Wanda bai yi sammako ba, ba shi ganin kyaunshi. A ƙarƙashin ƙasa yana da kai kamar na albasa. Cikin kan nan yake ɓoye ruwa da abinci duk tsawon rani.

Yana da ƴan uwa biyu da mutane ke rikitawa da shi. Albasar kwaɗi tana son bakin tabki da fadama, irin wuraren da muke da su cikin Dallol Mauri, daga Matankari har Tibiri da Dumega. Ganyenta na da faɗi, hurenta fari da jan zane a tsakiya. Ita ko albasar kura, kanta ƙato ne. Tana fidda dogon kara tun ganye bai hito ba, da ƙananan hure. Ruwanta na sa ƙaiƙayi a hannu. Sunayen kan canza daga gari zuwa gari, don haka ku dubi ganye da hure, kada ku tsaya ga suna.

To, ƴan uwa, ga abin da ya sa na rubuta wannan. Duk ukun suna da guba. Yaro ba shi rarrabe su da albasar miya. Ni abin da nike koya ma ɗiyana guda ne: a kankare da farce, a sunsuna. Albasar ƙwarai tana da warinta, tana sa hawaye. Waɗannan ba su da warin albasa. In yaro ya ci, ya kama amai, a tahi da shi likita maza, a riƙe kan ko ganyen a nuna. Bisashe ma a kiyaye su. Farkon damina suna cikin yunwa, duk kore da sunka gani sai su kai baki.

Na shibka hatsin manoma a bayan ɗakina a Dogon Dutsi, inda awaki ba su kaiwa. Na tono shi bayan ganye ya bushe, na rufe cikin rairai, zurhin tahin hannu. Ban ba shi ruwa ba duk rani. Damina na zuwa ya hito. Wani abokina ya sa nashi cikin garka, a laka, yana ban ruwa kullum tare da salati. Kan ya ruɓe. Da albasar kwaɗi ya sa a wurin, da ta yi.

A Turai suna da danginshi, ƙaramin hure fari mai sunkuyar da kai. Faransawa na ce mashi mai huda ƙanƙara, don a watan Janairu da Fabrairu yake hitowa. Irinshi sun kai 20. A Ingila, cikin 2022, an sayar da kai guda fam 1,850, sama da miliyan ɗaya na sefa. Kai guda fa! Shi sai ya sha sanyi yake hure. Zahin watan Afrilu na Dutsi ba ya barin shi.

Namu kyauta yake. Sai dai in garma ta bi gona tana tone kan, rana ta ƙone shi. Wanda ke bakin iyakar gonata, kewaye shi nike yi.