Bindiga Mai Baki Biyu a Unguwar Malamai

Duk wanda ya san Kano ya san Madabo ba unguwar maharba ba ce, unguwar malamai ce, wadda ta yi suna wajen karatun Muhtasar tun kaka da kakanni. Saboda haka in na ce a can na koyi riƙon bindiga, watakila waɗansunku su yi dariya. Amma kawuna yana da wata mai baki biyu, ƙirar Birmingham ta ƙasar Ingila. Da kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, sai mu fita dawa neman zabi da makwarwa.

Irin wannan bindiga ba kowa ke samunta ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla alkawari a birnin Brussels, cewa kada a sayar da bindigogi masu kyau a yawancin ƙasashen Afirka, sai dai masu ƙanƙara. Rabon talaka ke nan, adaka, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki. In ka harba ba ka samu ba, kafin ka sake ɗuri nama ya kai inda za shi, ko kuwa ya iso inda ka ke. Dokar Nijeriya ta 1959 kuma ta ce ba mai riƙe mai baki biyu sai da lasin.

Iri biyu ce. Ta kawuna cikin bakinta sumul ya ke, tana watsa ƙananan darma, ta tsuntsaye ce. Ɗayar an yi wa cikinta zanen murɗe, harsashi guda ta ke jefawa, don ɓauna da giwa. Maƙeran London, irin su Holland da Holland, su kan yi ta gwaji suna gyaran haɗin bakunan da hannu har harsasan biyu su sauka waje ɗaya. Abin da ya sa kuɗinta ba na malamin makaranta ba ne.

To, amma a Madabo tambayar farko ita ce, naman ya halatta? Sa'ad da Shehu Halilu ya rubuta Muhtasar a Masar, cikin ƙarni na 14, ba a farauta da bindiga. Abin da ya shar'anta shi ne makami mai kaifi, da bisimilla lokacin saki. Abin da aka buge da ƙwallon yumɓu kuwa ya mutu, mushe ne. Da darma ta fito sai malaman baya suka saɓa, har waɗansu na birnin Fas, kamar Abdulƙadir Alfasi, suka halatta, domin ita tana huda jiki ta zubar da jini. A kan wannan kawuna ya ke tafiya, da wuƙa a ɗamara, don wanda aka tarar da sauran rai sai an yanka.

Game da baki na biyu, bai yarda a kashe shi kan sabon tsuntsu ba, ko da garke ya tashi gabanka. Ya kan ce hakkin wanda aka raunata ne. Na ga zabuwa ta faɗi da karyayyen fiffike ta nufi sarƙaƙiya a guje, ga 'yan'uwanta bisa kanmu kusa-kusa, ya ƙyale su ya bi ta da shi. Ran nan da guda ɗaya muka shigo ta Ƙofar Mazugal.